Tsattsewa, Motar da Kakana Ya Ƙera

A gidanmu na Birnin Gwari, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, mu jikoki sai mu yi ƙofar ɗakin Kaka Hansai. Takan hura wuta a nan, ta tura rogo cikin toka, ta miƙe ƙafafunta da ke mata ciwo. Lokacin Turawa ba su tafi ba. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma ni abu ɗaya nake roƙo kullum.

"Kaka, a ba mu na Tsattsewa."

"Kai angon nan nawa, ba ka gajiya?" Sai ta juya rogon. "To, ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

Mijinta, kakanmu Tanko, maƙeri ne. Ba mu taɓa ganinsa ba. A shekarun da Turawa ke haƙar zinariya a dajinmu, wani Bature ya ɗauke shi gyaran diga da shebur. Mutane suna ce wa Baturen Mai Agogo, don ko tafiyar jaki sai ya auna ta da wani agogo mai maɓalli. Da ya ga hannun Tanko a ƙarfe, sai ya gaya masa abin da ke ransa. A can ƙasarsu akwai masu ƙera mota don gudu kawai, su kewaya fili da ita ana auna lokaci. Wani abokin hamayyarsa ya yi zagaye goma cikin lokacin da ba wanda ya kamo, shi kuma ya rantse sai ya yi su cikin ƙasa da wannan lokacin.

Injin ya zo cikin akwati. Sauran jikin kuwa Tanko ne ya buga da guduma, rani guda cur. Kaka ta ce motar doguwa ce siririya kamar kwalekwale, kujera ɗaya, ba rufi, ba fitila, ba wurin ɗora ko buhun gero.

"Na ce masa, Malam, wannan wace irin mota ce da ba ta kai mutum kasuwa? Ya yi dariya ya ce, Hansai, bari dai ki ji kukanta."

Aka share wani fako ta wajen Gayam, aka yi hanya mai kewaye, aka zuba marmara. Mata ne suka daɓe ta da madaɓi da ruwan makuba, kamar yadda ake daɓen ɗakin amarya, Kaka na cikinsu. Ta ce tafin hannunta sai da ya yi kanta. Aka roƙi Fulani su janye shanunsu, suka janye, su kuma suka dawo kallo. Su ne ma suka sa wa motar suna Tsattsewa, saboda yadda take shan kwana kamar tsuntsuwar.

Ana sauran kwana biyu a yi gudun, handul ya ƙwace wa Mai Agogo wajen tayar da inji, ya karya masa tsintsiyar hannu. Ga baƙin Turawa biyu sun riga sun iso daga Kaduna don shaida. Tanko ya sha gwada motar bayan kowane gyara, saboda haka Baturen ya miƙa masa tabaran tuƙi da hannun da ya rage, ya ce shi zai ja ta.

A nan muryar Kaka takan sauya. Ta ce a gindin ɗorawa ta tsaya. Motar ta yi wani ruri da ya tayar da tsuntsayen dajin gaba ɗaya. Ba ta ganin mijinta, sai farin ƙarfe yana wucewa kamar walƙiya. A zagaye na bakwai tayar baya ta zame a kwana, motar ta karkace, jama'a suka ɗauki salati. Ita ta rufe ido da gefen zane. Da ta buɗe, ya riga ya miƙar da ita. Da ya cika na goma, Turawan suka haɗa kai a kan agogo, sai Mai Agogo ya cilla hularsa sama.

"Ya sauko fuska duk jar ƙasa, sai haƙora. Bai kalli Bature ba, bai kalli Sarkin Maƙera ba. Ni ya nema cikin taro."

Muna yara, nan muke tafi mu rarraba rogo. Sai da na ɗan tasa, wata rana da sauran suka watse, na tambaye ta ina Kaka Tanko ya tafi.

Ta ce Baturen ya so a kai motar ƙasarsu, a gwada ta a babban fili, kuma ba zai je ba sai da wanda ya ƙera ta. Tanko ya zo ya zauna a bakin wannan ƙofar, ya ce, "Hansai, damina biyu ce. Amma in kin ce kada in je, na fasa."

"Da na ce ya zauna, wallahi zai zauna," in ji ta. "Amma na ga fuskarsa ranar gudun nan. Yaya zan mayar da shi gyaran fartanya? Na ce, Malam, je ka, Allah Ya kiyaye hanya."

Ta daka masa dakuwa, ta raka shi har bakin rafi. Damina biyu ta wuce, ta uku ta bi. A ta huɗu wani direban babbar mota ya kawo labari: zazzaɓi ya kama Tanko a Ikko suna jiran jirgin ruwa, a can aka binne shi. Motar kuwa ba wanda ya san inda ta ƙare. Kaka ba ta sake aure ba.

Na ce, "Kin yi nadama?"

Ta tura itace cikin wutar. "Kewa dai nake yi. Nadama daban ce."

Ban gane ba a lokacin. Na girma ina ba abokai labarin a matsayin na jarumin da ya kayar da Bature a wasansa. Na taɓa zuwa neman filin, na tarar itatuwa sun cinye shi, sai ɗan tudun marmara a ƙarƙashin ciyawa. Yanzu ma dajin ba ya shiguwa.

Shekaru da yawa bayan rasuwarta, autata Binta ta sami gurbin karatun likita a wata ƙasa mai nisa. Ta durƙusa a gabana da takardar a hannunta, ta ce, "Baba, in ba ka yarda ba, na haƙura." Na dubi fuskarta, na tuna maganar Kaka. A ranar na san cewa tsakanin Kaka Tanko da Kaka Hansai, ba mai tuƙin ne kaɗai ya yi jarumtaka ba.

Na ce, "Je ki, Allah Ya kiyaye hanya."

Na raka ta tasha, na tsaya har motar ta ɓace. Ina komowa gida ni kaɗai, ba abin da nake so irin in sami Kaka a ƙofar ɗakinta, in tambaye ta yadda ta yi ta ga ƙarshen damina ta farko.