Tabarmin da Iya ta naɗe

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Yakubu a nan Riyad. Har yanzu ina ɗakin da muka zauna tare a unguwar Gubaira, a saman wani garejin gyaran mota, kuma har yanzu na'urar sanyaya ɗakin tana wannan ƙara da yake cewa ta fi ta injin markaɗe. Ni aikin wayar wuta nake yi. Shi kuwa abin da aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zama, direba ne, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi mai shirya fim ne da tuƙi ya riƙe wa ƙafa. Fim ɗaya tak ya yi a duniya, kuma a kan gidanmu ya yi shi.

Mutanenmu a nan da sun ji Hausa a bakinka sai su ce, Kano ko Sakkwato? Mu ba ko ɗaya. A wani zango na bakin teku, yamma da Ikko, aka haife mu, inda kakanmu ya sauka yana sayen bandar kifi yana aikawa arewa. Mu huɗu Iya ta haifa: Habu, Ladi, Yakubu, sai ni auta. Wata safiya da damina Habu ya bi maƙwabtanmu masunta cikin kwalekwale. Kwalekwalen ya dawo a kife. Teku ta mayar da gawar sauran, ta riƙe tasa.

Liman ya ce a yi masa salla ko ba gawa, a zauna a karɓi gaisuwa. Mata suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Iya ta fito daga ɗaki ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta jingine a bango, ta ce, “Gaisuwar me? Wa ya ga gawa?”

Daga ranar gidanmu ya shiga wani hali da ban san sunansa ba. Ba mai ikon cewa marigayi. Habu ɗan fari ne, dama Iya ba ta kama sunansa saboda kunya, sai dai “yaron nan”. To haka ta ci gaba: yaron nan bai son yaji, a rage, a bar ɗakin yaron nan yadda yake. Duk salla sai ta ɗinka masa riga. Baba ya koma mutum marar magana har Allah ya karɓi ransa. Matan zango kuwa in sun haɗu da ita a hanya sai su haɗiye gaisuwar da ke bakinsu, su tambaye ta kasuwa. Kusan shekara ashirin muka yi a haka, kuma ina ganin abin da ya koro mu zuwa ƙasar da ba ruwa ke nan, ko da yake mu muna cewa neman abinci ne.

Da Yakubu ya sayo wata tsohuwar kyamara a kasuwar Baɗha ya ce zai yi fim a kan iyalin da teku ta cinye wa ɗa, na yi masa faɗa sosai. Na ce wannan tonon asiri ne, kuma mu da ko hoton biki ba mu iya ɗauka ba? Ya bar ni na gama, dama shi haka yake, sai ka yi ta zuba kai kaɗai har ka ji kunya. Sa'annan ya ce, “Auta, kai ba ka gaji ba?” Gaskiyarsa ce, na gaji.

Da hutunmu ya zo ɗaya muka tafi gida tare. Ba shi da 'yan wasa, mutanen zango ya roƙa. Wata malamar firamare ta fito a matsayin uwar. Iya ta san fim ake yi, ta kuma san a kan me, amma ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta dai zauna a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa kamar ba a gidanta ake hidimar ba.

A labarin Yakubu, uwar tana yarda daga ƙarshe a yi zaman makoki. Ranar ɗaukar wannan wurin aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, malamar ta zauna ta lulluɓe kai. An gaya wa tsofaffin matan zango su shigo su durƙusa gabanta su yi mata gaisuwa. Wadda ta fara shigowa Goggo Hansai ce, maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai, wadda tare suka yi amarci da Iya. Ta shigo da sandarta, ta dubi malamar, ta wuce ta. Ta tafi har ƙofar ɗakin Iya ta durƙusa da ƙyar, ta ce, “Rabi, ya haƙuri?”

Ina tsaye a wurin, kuma wallahi na zaci Iya za ta tashi ta naɗe tabarmin nan kamar wancan karo. Ta daɗe tana kallon faifan shinkafa. Can ta ajiye shi a ƙasa, ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta ce, “Da godiya, Hansai.”

“Allah ya jiƙan Habu.”

“Amin,” in ji Iya.

Sauran matan duk suka bi bayan Goggo Hansai. Malamar ma ta taso daga tabarmarta ta shiga layi. Da na waiwaya na ga Yakubu ya sauke kyamarar yana riƙe da ita a gefen ƙafarsa, hawaye na zuba. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da ya shiga fim ɗin. Na sha tambayarsa ko dama abin da ya shirya ke nan, yana cewa shi bai kai wannan wayon ba.

A ɗakin nan na Gubaira ya haɗa fim ɗin, Juma'a bayan Juma'a. Da ya gama muka rataya farin zanen gado a bango, muka kira abokai bayan an sauko daga masallaci. Wani direba ɗan Gusau ya kalli rabi ya ce, “Malam Yakubu, ba waƙa ba rawa, wannan fim ne ko ta'aziyya?” Aka yi dariya, har da Yakubu. Amma da aka watse shi wannan direban ne ya tsaya a baya, ya ce ƙanensa ya bi hanyar sahara shekarun baya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, yana so a sa masa fim ɗin a waya ya aika wa tsohuwarsu.

Yanzu ina aiki a gine-ginen Dir'iyya, a gefen Riyad, kuma nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga Riyad ta yau. Lokacin da ya rasu gidajen sinima sun fara buɗewa ke nan. Yau ga su ko'ina, ga jirgin ƙasa yana ratsa gari a sama da titunan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙi a kansu. Na san zai shiga ya zauna a kujerar gaba, ya fito yana kushe hasken fim ɗin. Na kuma san nasa ba zai shiga waɗannan wurare ba. Sautinsa ba daɗi, iskar teku ta cinye rabin maganar, kuma ni da nake ƙanensa ba zan ce muku gwanin fim ne ba.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, bai yi doguwar jinya ba. A nan aka binne shi bayan la'asar, a kabarin da ba suna, duwatsu biyu kawai, kamar na kowa a garin nan. Da na fito daga maƙabarta tsoro ya kama ni, tsoron da ya fi baƙin cikin. Ga ɗa na biyu ya tafi, Iya ba ta ga gawa ba. Na kira ta a waya.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, “Auta, ka gan shi da idonka?”

Na ce, “Iya, da ni aka yi masa wanka. Ni na shiga kabarin na kwantar da shi.”

Ina jin ƙarar teku ta bayanta. Sai na ji ta ɗaga murya tana kiran yayarmu: “Ladi, fito da tabarmi ki shimfiɗa. Mutane za su zo.”

Fim ɗin yana nan a wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gadona, kuma ban san ko zai ƙara shekara bakwai bai lalace ba. Abin da na tabbata ya rage shi ne gidanmu ya zama gidan da ake iya cewa Allah ya jiƙan wane, a amsa. Iya ta tsufa sosai yanzu, ba ta gani da kyau, Ladi ce ke danna mata waya. Amma duk shekara in watan rasuwar Yakubu ya kama ba ta jira ni na kira. Jiya ma ina kan tsani a wurin aiki wayar ta yi ƙara, na sauko na ɗauka.

Ta ce, “Auta, ya haƙuri?”

Na ce, “Da godiya, Iya.”