Man Gyaɗa a Tayar Keke

Ban taɓa ganin keke kusa da kusa ba sai da aka kai ni gidan mijina a Ƙofar Rini. A lokacin Turawa ba su daɗe ƙwarai da zama a Sakkwato ba, kekunan garin kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Maigidana masinja ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, shi ke kai wa hakimai takardu a ƙauyukan da ke kewaye. Da can da ƙafa yake zuwa. Ana saura wata uku bikinmu aka ba shi keke, baƙi, mai ƙararrawa, aka ce zai ci gaba da hawa muddin ya iya riƙonsa. In ya lalata, a ba wani. Sauran masinjojin kuwa duk idonsu na kan keken nan.

Ni ƙararrawar ce ta fara sace mini zuciya. Tun daga bakin lungu yake kaɗa ta sau biyu, ni kuma duk abin da ke hannuna sai na ajiye, in gyara ɗaurin kallabi. A ƙananan littattafan soyayya da na karanta daga baya, masoya da wasiƙa suke gaisawa. Mu tamu wasiƙar ƙararrawa ce.

Yadda yake kula da tayoyin keken ya isa kallo. Kowace safiya sai ya tsuguna ya danna su da babban yatsa, ta gaba da ta baya. Sannan ya juya su a hankali, yana bi da tsinke yana cire ƙaya da ƙananan tsakuwa. Ba ya barin keken a rana, ko na minti ɗaya. Da lokacin ɗari ya shigo, sai ya nuna mini wani abu: da safe tayar takan yi laushi kamar ta sace, amma ba sacewa ta yi ba, sanyi ne ya sa iskar ta kwanta. Ya ce wanda bai sani ba sai ya ɗauki famfo ya cika ta tam, rana na take tsaka ta fashe masa a hanya. Shi bugu uku yake ƙara mata, ya bar sauran ga rana.

Ina son in yi masa wani abu da hannuna, ban san me ba. Girki mahaifiyarsa ce ke riƙe da shi, mace mai kirki da muke kira Inna. Sai wata rana ina shara a zaure na duba gefen tayar baya, na ga ƙananan tsage-tsage, irin fason da ɗari ke yi wa diddige. Tausayi ya kama ni. Ni 'yar majema ce. Na tashi ina ganin mahaifina yana murza wa fatar akuya man gyaɗa har ta yi laushi kamar alhariri, kuma a gidanmu duk abin da ya bushe ya tsage, mai ne maganinsa: takalmi, zabira, leɓen yaro. Na tambayi Inna.

Ta ce, "Shafa mashi, ɗiyata. Wanga sanyi ko jaki ba shi ƙyalewa, balle abin Turawa."

Daga ranar, duk la'asar in ya tafi masallaci ya zauna hira da abokansa, sai in ɗebo man gyaɗa a 'yar kwalba in zauna gaban keken. Ina murzawa ina raya yadda tayar za ta bi hanya ba tare da ta ji zafin tsakuwa ba, ta dawo mini da shi da wuri. In na gama in goge da tsumma. Tayoyin suka yi baƙi wuluk suna sheƙi. Ya lura, ya ce, "Amarya, har keke ya san an yi aure gidanga." Ya ɗauka gogewa kawai nake yi. Ni kuma na rufe baki, ina jiran ranar da zan ba shi mamaki.

Mun yi kusan mako uku a haka. Ranar da abin ya faru ban ji ƙararrawa ba. Sai ga shi ya shigo da rana tsaka yana tura keken, gwiwar wandonsa a yage. Tayar baya ta kumbura ta saki ƙarfenta, robar ciki ta leƙo waje kamar hanji. Ya ce a gangaren wani rafi ta zame masa. Bai ko sha ruwa ba ya fita ya kira wani tsohon soja da ke gyaran keke a kasuwa. Suka zauna a zaure, ni da Inna muka laɓe bayan zana.

Tsohon ya danna tayar, ta manne masa a yatsa kamar danƙo. Ya kai hanci ya shinshina.

"Kai masinja, wagga taya ce ko ƙuli-ƙuli? Wa ya ba ta mai?"

"Mai kuma? Ni ban san wani mai ba, Baba."

"To wani ya sani. Roba ba fata ba ce. Fata in ta sha mai ta rayu, roba in ta sha mai ta ruɓe. Ta gaba, a wanke ta da ruwan toka da sabulu, ƙila ta yi rai. Ta baya kam sai dai a yi mata salla."

Inna ta riƙe mini hannu ta raɗa mini cewa ita za ta ce ita ce ta yi. Na girgiza kai. Da tsohon ya tafi na fito da kwalbar na ajiye gaban maigidana, na durƙusa. Na fashe da kuka.

Ya daɗe yana duban kwalbar. Sannan ya ce, "Don mi kinka yi haka?"

Na ce, "Faso na gani gare ta, Malam."

Na ga dariya da baƙin ciki suna kokawa a fuskarsa, ba wanda ya ka da wani. Ya ce in tashi, ya ɗauki hularsa.

Taya ba a sayar da ita a Sakkwato a lokacin, sai an aika Kano. Washegari ya tura keken zuwa ofis. Abokansa sun ba shi shawara ya ce kara ne ya yanke tayar, ya ƙi. Ya gaya wa babban akawu cewa iyalinsa ne suka shafa mata mai don tausayi, kuma laifinsa ne da bai koya musu ba. Ya ce mini akawun ya yi dariya har ya share hawaye, amma dariyar ba ta hana shi kulle keken a sito ba. Hukuncinsa shi ne: har sabuwar taya ta iso, maigidana zai kai takardunsa da ƙafa. In takarda ɗaya ta makara, keke ya zama na wani.

Haka ya koma tafiyar ƙasa cikin tsakiyar ɗari. Yana fita da sassafe lulluɓe da bargo, ya dawo bayan la'asar ƙafafunsa fari fat. Kafin mako guda diddigensa ya tsage har yana fitar da jini. Na ɗumama ruwa na wanke masa, na tsaya ina jin kunyar ɗauko kwalbar. Shi ne ya nuna ta da baki.

"Kawo man nan, amarya. Wagga taya ba ta ruɓewa."

Kullum da yamma sai ya miƙe ƙafa a kan tabarma in murza masa, Inna na gefe tana kaɗi tana ce mana ba mu da kunya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ce nake tayarwa, shi kuma ya ce in murza da kyau in bar surutu. Takarda ko ɗaya ba ta makara ba.

Sanyi ya fara ja baya, wata rana ina tankaɗe a tsakar gida, na ji ƙararrawar daga bakin lungu, sau biyu. Rariyar ta faɗi daga hannuna, gari ya zube, ban tsaya kwashewa ba. Ya shigo zaure da keken, sabuwar taya a baya, tsohuwar da muka wanke da toka a gaba. Ya kama babban yatsana ya ɗora a kan tayar ya ce in danna. Na danna. Ya miƙo mini tsinke ya ce daga yau cire ƙaya aikina ne, kwalba kuwa ta zauna a ɗaki kusa da tabarmarsa.