Ragar da Na Ɗaure wa Ƙasa

Abin da na fara gani da na isa filin makarantarmu a Yelwa shi ne takalmanta, farare, kowane ɗaya ya kusa tsawon damtsena. Sai da na ɗaga kai na ga mai su. Shugabar makaranta ta ce 'yar garin nan ce, ta buga ƙwallon kwando a jami'a, ta kuma buga wa ƙasa shekara da shekaru har gwiwarta ta gaza. Za ta yi mako biyu tana koya wa masu so.

Ina so, amma ban ba da sunana ba. Na fi kowa tsawo a ajinmu, ana kirana Gwangwala, sandar tura kwalekwale, shi ya sa kullum a duƙe nake tafiya. Na raɓe jikin bishiyar dogon yaro ina kallo. Yatsun 'yar wasan guda biyu a karkace suke. Duk sanda ƙwallo ya faɗa cikin zoben ƙarfen, sai ta ɗan kasa kunne, ta girgiza kai.

"Zobe babu raga," ta ce wa malamar wasanni. "Ƙarar ragar nake kewa."

Babana masunci ne, tun ina ƙarama nake taya shi gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi, a bakin ruwa. Na roƙe shi ragowar zare, na yi kwana uku ina saƙa bayan la'asar. Da na gama na ɗaure ƙasan tamau. A gidanmu ba a barin raga da kafa.

Ranar Alhamis na miƙa wa 'yar wasan ragar. Ta hau tebur ta ɗaura, ta sauko, ta ja baya ta jefa. Ƙwallon ya shiga, ya yi zamansa.

'Yan mata suka kwashe da dariya. "Gwangwala ta kama giwan ruwa! A kawo tukunya!"

Ita kuwa ta sake hawa, ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"Ƙanwata, wa ya koya miki wannan ɗauri?"

"Baba."

"Allah ya saka masa. Sai dai mu namu kifin sakinsa muke yi." Ta ce a miƙo mata almakashi.

Na miƙe tsaye sosai, har bayana ya yi ƙara.

"Anti, kada ki yanke," na ce. "Bari in hau in kwance da kaina. In na sauko, don Allah ki koya mini jefawa."