Ranar Yayen 'Yar Farina

Inna ce ta koya mini sauraron tatsuniya. Takan ce in daina bin bakin mutanen cikin labari, in dubi abin da hannunsu yake yi.

Shekarar da 'yar farina ta iya tafiya, ba a daɗe da shigowar Nasara ƙasar Gumel ba, Inna ta aiko daga Ɗanzomo wai in je in taya ta gurzar auduga. Maigidana ya ɗora mu a jaki daga Gagarawa.

Tun a tsakar gida na fara ganin alamu. Ga sabon ƙoƙo ɗan mitsitsi. Ga gero an jiƙa na kunu, kuma ba mara lafiya a gidan. Ga allo a bayan randa, rubutunsa ko bushewa bai yi ba. Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ba ta ɗaukar 'ya'yan mutane, har da miƙo hannu.

"Kawo mai kan tulun nan, in ga ko ta fi uwarta muni."

Inna ta zaunar da ni gaban magurji, ta ja tatsuniya. Da rana tsaka! Ita da ke cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a daji. Labarin wata tunkiya ce da aka aika rijiya da kwando, ta bar ɗanta a gida.

Na ce, "Inna, wa ya tsaya da ɗan tunkiyar?"

"Ke dai ji labari."

"Ai kwando ba ya riƙe ruwa. So ake ta daɗe."

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Gurza, 'yar nan. Ni ma haka aka yi mini."

Can na jiyo kukan yarinyar yana nisa. Gwaggo ta fice da ita ta bayan danga, yaye za a yi. 'Yar fari ce, ko sunanta kunya ba ta bari in faɗa, balle in tashi in bi ta a gaban manya. Nono ya kawo, ya jiƙa mini zane. Na ci gaba da gurza.

Washegari na koma Gagarawa. Duk hanya hannuna yana kaiwa baya, wai zan gyara goyo.

Sai bayan girbi Gwaggo ta dawo mini da yarinyar, ta yi ɓul-ɓul. Na durƙusa na miƙa mata hannu. Ta ɓuya a bayan Gwaggo, tana leƙo ni.