Rantsuwar da Aka Ce Ita Ta Kama Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ina riƙe da maganar nan a ciki, ko 'ya'yana ba su san ta duka ba. Jikata ce ke rubutawa a wayarta ina faɗa mata, don haka in kun ga kuskure ita za ku kama.

Na yi kuturta. To, na faɗa, kuma ga ni zaune lafiya lau.

Ina saurayi a Birchi, jim kaɗan bayan samun mulkin kai, aka sace mana sa, bijiminmu. Shi kaɗai Baba ya rasu ya bar mana, ni da Inna. Na hangi ɓarawon yana jan shi ta cikin dawa ana yayyafi, na ce Tanko ne, wani ɗan unguwarmu da aka sani da dogon hannu. Aka kai mu gaban alƙali a Dutsin-Ma. Shaidu ba su cika ba, aka ce in yi alwala in rantse. Na dafa Alƙur'ani na rantse, aka wuce da Tanko gidan yari a Katsina.

Damina na zagayowa sai ga wani tabo ja-ja a kafaɗata. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ce ƙyasbi ne, na share. Sai wani ya fito a kumatu.

Wata rana ina gasa masara, garwashi ya ci mini ɗan yatsa ban ji ba. Inna ce ta ji ƙauri.

A lokacinmu kowa ya haddace cewa wanda ya rantse da Alƙur'ani bisa ƙarya, kuturta ce sakamakonsa. Saboda haka ba a wahalar da alƙali ba wannan karon, gari ya yanke mini hukunci da kansa. Aka ware mini akushi, aka ware mini moɗa. A masallaci sai in ga an bar gurbin mutum guda dama da hagu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara kokwanto. Ana yayyafi, dawa ta yi tsawo, anya fuskarsa na gani ko ƙeyarsa? In na ɗaure bawan Allah a banza fa? Wallahi na ji tsoron wannan fiye da tsoron guntulewar yatsu.

Inna ce ta ƙi yarda. Ta ce, “Kai ɗan nan, tashi mu tahi asibiti. In ma hukunci ne, Allah bai buƙatar taimakon mutanen Birchi.”

Ta sai da akuyarta muka yi kuɗin mota, sai asibitin kutare da ke wajen Katsina. Malamin asibiti ya sa na rufe ido, yana taɓa tabon da auduga yana cewa in nuna wurin. Ban iya ba. Ya ɗan tsaga fatar kunnena ya kai aka duba.

Na tambaye shi ko rantsuwa na kawo ta. Ya ce, “Samari, ƙwayar cuta ce. Ban taɓa jin ta tambayi mutum abin da ya faɗi gaban alƙali ba.”

Magani kyauta ne, 'yan ƙwayoyi farare. Bayan an sallame ni, a Kurfi nake zuwa karɓa duk mako, a ƙasa. Wani lokaci jiri, wani lokaci zazzaɓi, jijiyar hannu ta yi ta zugi kamar ana jan igiya. Shekaru na yi a haka. Tabon ya fara dushewa, amma kokwanton yana nan daram.

Ran wata Juma'a an sauko masallaci, ina zaune gefe ni kaɗai da furata, sai ga Tanko. An sako shi, ya rame ya yi baƙi. Na ce yau zan sha zagi a bainar jama'a.

Ya tsuguna, ya karɓi ludayin daga hannuna, ya kurɓa. Mutane suka yi cirko-cirko.

Ya juya ya ce, “Mi kuke kallo? Ni na ɗauki san nan, a kasuwa na sai da shi, na ci kuɗin. Yaron nan gaskiya ya hwaɗi.” Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu ya baza. “In alhaki ke sa kuturta, ku ƙirga mani yatsuna. Da yanzu ko guda ban da shi.”

Wani ya tuntsire da dariya, liman ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kuka na fashe da shi, ƙato da ni.

Daga baya liman ya yi wa'azi a kan jinyar Annabi Ayuba, ya ce cuta jarrabawa ce, ba mu da ilimin abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ya yi kyau, sai dai ɓarawo ya riga shi.

Na warke sarai. Ɗan yatsa ɗaya ne ya lanƙwashe, shi ma bai hana ni riƙe fartanya ba. Na yi aure, na ga jikoki. Tanko ya tuba, muka yi ta noma gona kusa da gona, ina kiran shi Sarkin Shanu yana kirana Mai Rantsuwa har tsufa.

Shawarata: in kun ga tabon da ba ya jin taɓi, ku tafi asibiti da wuri, ana warkewa. In an ba ku magani ku shanye, kada ku tsaya don kun ga sauƙi. In maƙwabcinku ya kwanta, ku kai masa kunu, ku bar binciken laifinsa, ba a ɗora muku wannan aikin ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa malamin asibitin nan da ban ma riƙe sunansa ba.

Tanko kuwa, ina roƙonku ku sa shi a addu'a. Har ya koma ga Allah bai biya mu san nan ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Allah ka shaida na yafe.