Man da Aka Kawo wa Abuya

Mahaifina mai tsire ne a unguwar Hindawiyya, a ƙasar Larabawa. A nan aka haife shi, kuma a nan ya tsufa gaban garwashi, har bayansa ya ranƙwafa. Mu 'ya'yansa Abuya muke ce masa. Bayan an yi masa aikin zuciya, likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini, Abuya kuma ya bar wa yayana teburin tsiren. Zuciyar ta lafa, amma ciwon baya ya hana shi sakat. Ko sujada sai a kan kujera.

Yana da amini, wani ɗan Nijar mai fataucin turare, wanda muke kira Kawu. Wata Juma'a bayan la'asar Kawu ya zo da 'yar kwalba mara rubutu.

"Ɗiga kaɗan ƙarƙashin harshe, Alhaji," in ji shi. "Wani abokin cinikina ne ya ba ni. Man ganye ne kawai."

Abuya ya ɗiga. Cikin 'yan kwanaki ya fara barci mai nauyi, har ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin unguwa. Ummi, mahaifiyarmu, ta dafa wa Kawu shinkafa da kifi don godiya. Na daɗe ban ga gidanmu da fara'a irin ta lokacin ba.

Sai jini ya fara fitowa daga dasashinsa in yana asuwaki. Shatin baƙi ya bayyana a damtsensa ba tare da ya bugu da komai ba. Ranar da haɓo ya ƙi tsayawa, muka kai shi asibiti a unguwar Aziziyya.

Wata likita ta duba sakamakon gwaji, ta tambaye ni da Larabci ko yana shan wani abu ban da magungunansa. Na kira Kawu a waya. Na tambaye shi game da man, ya ce, "'Yata, daga ganyen wiwi ake tatsarsa. Amma wallahi an ce mini ba ya bugarwa."

Na faɗa wa likitar, duk da na san tsananin dokar ƙasar a kan wiwi. Ta rage murya. Ta ce ganyen yana ɗauke da sinadarai masu yawa, ba duka ke sa maye ba. Akwai wanda ake kira si-bi-di, ba ya bugarwa, amma yana iya hana hanta sarrafa maganin tsinka jini da wuri, sai maganin ya taru a jiki. Ta ce wasu kuma ana juya su da sinadari su koma wani abu dabam, kuma kwalbar da ba rubutu ba wanda zai iya cewa ga abin da ke cikinta.

Abuya yana jin Larabci fiye da ni. Ya juyo a kan gado.

"Wiwi na sha?"

"Abuya, ba mai sa maye ba ne."

"Da shi a bakina na shiga masallaci," ya ce. "Halas, shi ke nan. Ku zubar."

Jinin ya daidaita, aka sallame mu, ciwon baya ya dawo ya fi na da. Bai taɓa tambayar man ba. Abin da ya fi damuna shi ne Kawu. Yakan zo ƙofar gida da leda cike da lemo, Abuya ya ce mini, "Ce masa ina barci." Ni nake fita in faɗa. Kawu yakan miƙo ledar, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya juya a hankali.

Ummi ta yi ta roƙo. Ta ce mutumin nan alheri ya nufa. Abuya ya ce ya sani, ya yafe, ganinsa ne ba ya iya yi tukuna.

Zuciyar ce ta ɗauke shi, wata safiya bayan ya sha shayi. Yayana ya ba ni labari cewa Kawu ya riƙe makara tun daga ƙofar masallaci, aka yi ta neman ya saki wani ya karɓa, ya ƙi. Bai shigo gaisuwa ba. Daga baya muka ji ya sayar da kayan shagonsa ya koma Yamai.