Rabin Filin Laouali

Laouali mutumin Matameye ne, can ƙasar Damagaram, kuma tun yana gida an san shi da hali guda: in aka ce masa yi kaza, to kazan zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa Mariamou har yanzu tana ba da labarin ranar da ta ce ya duba mata tukunya za ta leƙa maƙwabta. Da ta dawo ta tarar da shi a tsugune, ya zuba wa wake ido yana ƙonewa. Ya ce ai dubawa aka ce ya yi, kuma ya duba.

Da wannan hali ya zo Riyad. Ya fara da ɗaukar bulo a wajen gini, daga baya kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwansa, ya ji cewa ɗan lambu ne gaba da baya, sai ya mayar da shi kamfaninsa mai kwangilar kula da wuraren shaƙatawa. Ɗakinsu yana unguwar Shumaisi, su da yawa a ciki, amma wurin aikinsa yana can bakin gari, inda gine-gine suke ƙarewa. Wani fili ne babba da jama'a ke zuwa shan iska, ranar Juma'a da yamma kuma ma'aikata baƙi su buga ƙwallo.

Matsalar filin ita ce iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa. Rabi na ofishin gari ne, rabi na ofishin gundumar da ke maƙwabtaka. Famfon gari ya zo daidai iyakar ya tsaya. Ɗaya ɓangaren sai an kai musu ruwa da wayit, wato tankar ruwa, ita kuwa sai ranar da ta ga dama take zuwa.

Ranar farko mudir, shugaban Laouali a wurin aiki, ya ja shi har tsakiyar fili, ya ja layi da ƙafa, ya ce, "Daga nan zuwa nan namu ne. Ruwanmu kada ya ƙetare. Mafhum? Ka gane?"

Laouali ya ce, "Mafhum, ya mudir."

Mudir ya tafi ya manta ma ya faɗa. Laouali kuwa ya nemo farar ƙasa ya zana layin. Kowace safiya zai ja tiyonsa ya jiƙa rabinsa sharkaf, in ya zo bakin layi sai ya danne bakin tiyon da babban yatsa. Ranar da iska ke kaɗawa zuwa can, juya mata baya yake yi, kada ta sace ko ɗigo. Ba a daɗe ba rabinsa ya yi kore shar, ɗaya rabin kuwa ya zama tal kamar kan da wanzami ya aske rabi aka kira shi gida.

'Yan ƙwallo suka shiga uku. Kowa yana son ya faɗi a kan ciyawa, babu mai son tsakuwa, don haka duk wasan ya koma rabi guda. Mai tsaron gidan da ke busasshen ɓangare har shayinsa yake zuwa da shi, don ya san ba mai zuwa wajensa. Masu zuwa da iyali su ma sai su shimfiɗa dardumarsu a koren ɓangare, a ci shinkafa a bayan raga, ƙwallo tana wucewa ta kan faranti.

Mai kula da busasshen rabin wani Bakano ne, Maiwada, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Ya fara da lallami.

"Malam Laouali, don girman Allah ɗan karkato mesar nan, ko na minti biyu."

"Tiyo sunanta."

"To tiyo. Karkato."

"An ce kada ya ƙetare."

Ya kawo masa goro, Laouali ya karɓa ya gode, bai karkato ba. Ya kawo masa kilishi da aka aiko masa daga gida, Laouali ya cinye ya yaba, bai karkato ba.

Wata safiya Maiwada ya gaji, ya tsaya a ɓangarensa ya riƙe ƙugu. Da ma tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa tun kaka da kakanni, sai ya buɗe baki: "Ai ba laifinka ba ne. Mutumin da bai taɓa ganin famfo ba sai da ya hau jirgi, dole ya rungume shi kamar amarya."

Laouali bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga ba. Ya feshe Maiwada tun daga hula har silifa, yana cewa, "Bawana ne kai! Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar gero, aka ba shi canji!"

Maiwada ya tsaya yana ɗigar ruwa. Ya dubi rigarsa, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe ta yi baƙi, sai ya yi wani murmushi.

Washegari ya zo da tsohuwar riga, ya matsa gefe kaɗan ya tsaya. Ya ce Damagarawa suna kiran makaranta lakwal don ba su iya cewa komai daidai ba. Aka feshe shi. Rana ta gaba ya ƙara matsawa, ya ce tuwon Matameye in aka jefi kare da shi sai an kai karen asibiti. Aka feshe shi. Haka ya riƙa bin rabinsa gefe-gefe, in zagin ya yi sanyi ruwan bai isa ba sai ya ƙara gishiri, in yana son ruwa ya kai nesa sai ya ruga a guje Laouali ya bi shi da feshi. A zafin Riyad kuwa wankan bai dame shi ba, har ya daina yi a gida.

Laouali bai lura da komai ba, shi dai a ganinsa yana ladabtar da bawa. Sai wata rana da mudir ya zo da baƙi daga ofisoshin biyu, suka tsaya suna nuna wani abu. Laouali ya waiga. Busasshen rabin duk ya yi tabo-tabo na ciyawa, wani zagaye, wani dogo kamar sawun mai gudu.

Mudir ya ce, "Laouali, wa ya ba wancan ɓangaren ruwa?"

"Wallahi ya mudir, ban ba fili ruwa ba. Mutum na jiƙa."

Aka kira Maiwada ya yi bayani da guntun Larabcinsa, yana haɗawa da hannu. Babban jami'in gunduma ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Na gari ya tambaya ko da gaske famfo yana nan kusa haka, 'yan gunduma kuma suna ta jiran tanka. Ashe ko ɗaya cikinsu bai taɓa tako filin ba sai ranar.

Zaman da suka yi ya ɗauki lokaci, da shan gahawa da dabino, amma a ƙarshe suka daidaita. Gari zai ba da ruwa ga filin baki ɗaya, gunduma kuma za ta ƙara ƙasa daga nata ɓangaren, ta kafa lilo na yara da kujeru. Ma'aikatan biyu za su yi aiki tare.

Laouali bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Maiwada, yana cewa an yi masa damfara da rana tsaka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne zagin nan duk ba daga zuciya ya fito ba.

Maiwada ya ce, "Haba Malam, kwantar da hankalinka. Na tuwon nan da gaske nake."

A nan suka shirya.

Ranar buɗe sabon filin aka haɗa wasa tsakanin 'yan Nijar da 'yan Najeriya, aka ce Laouali, a matsayinsa na dattijon wurin, shi zai fara taɓa ƙwallo. Bai taɓa bugawa ba a rayuwarsa. Ya tattare jallabiyarsa, ya ja da baya, ya rugo da ƙarfi ya kai duka. Ƙwallo ba ta motsa ba. Takalminsa ne ya tashi sama, ya wuce kan jami'ai, ya shige raga. Jama'a suka ɗau ihu, alƙalin wasa, wani ɗan Sudan, ya busa usur ya nuna tsakiya, 'yan wasan Nijar suka ɗauki Laouali a kafaɗa suka zagaya fili da shi da takalmi ɗaya. 'Yan Najeriya sun yi gardama har magariba, amma alƙali ya ƙi soke cin, kuma da shi aka tashi wasan, ɗaya da nema.